"TU BI FIRANK": GASKIYA CE KO GATSALI?

Akwai wata kalmar Ingilishi da ta sami gindin zama a bakin ɗaliban jami'a, har ta kai wasunmu ba sa iya haɗa jimla uku ta Hausa ba su jefo ta ba. Turawa suna rubuta ta "frank", mu kuwa mun lanƙwasa ta ta koma "firank". A ɗakin kwana, a teburin mai shayi, a taron ƙungiyar ɗaliban gari, kai har a zauren gidan suna in an je hutu, sai ka ga saurayi ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "Tu bi firank..." To, da zarar ka ji haka, mai karatu, sai ka ɗaure cikinka, domin abin da zai biyo baya galibi cin fuska ne aka yi wa lulluɓi da Ingilishi. In kuwa ka nuna ranka ya ɓaci, nan take za a ba ka amsar da aka riga aka haddace, wai ai matsalar Hausawa ke nan, ba su son gaskiya, kunya da kara sun mai da su munafukai, shi ya sa ma babu wannan kalma a harshensu. Mai faɗin haka fa Bahaushe ne, cibiyarsa tana binne a Hunƙuyi ko Paki ko Gubuci, kuma da Hausa uwarsa ta yi masa tawai.

Wannan ƙazafi guda biyu ne aka ɗaure a igiya ɗaya, wato an yi wa harshe ƙazafin talauci, an kuma yi wa masu harshen ƙazafin munafunci. Tun da yake mu a sashen Hausa harshe ne gonarmu, ba daidai ba ne mu ji ana sassabe a cikinta mu kawar da kai.

Mu fara tambayar ita kalmar asalinta, domin masu yawo da ita ba su taɓa tambaya ba. Sunan wata ƙabila ce ta Jamusawan dā, da ake kira Farank, waɗanda suka taso daga bakin kogin Rayin suka cinye ƙasar da yanzu ake kira Faransa, a ƙarƙashin sarkinsu Kulobis wanda ya mutu a shekarar 511. Daga sunansu aka sami sunan Faransa, daga nan kuma aka sami sunan kuɗin Faransa na dā, wanda har yau yake manne da sefar da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke kashewa, Larabawa ma da shi suka riƙa kiran Turawa baki ɗaya Ifranji. To, da yake su ne suka ci ƙasa da yaƙi, su ne 'ya'ya, sauran jama'a talakawansu ne da barorinsu, sai sunan nasu ya koma yana nufin mutumin da ba bawan kowa ba ne. Da wannan ma'ana kalmar ta shiga Ingilishi, sai a wajen ƙarni na 16 ta ɗauki ma'anar mai faɗin abin da ke ransa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ashe ke nan, in aka bi ta har tushe, firank ba kome ba ce illa maganar ɗa, maganar wanda yake da ɗiyaucin da zai buɗe baki bai ji tsoron bulala ba. Wannan kuwa ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe. Shi ne ya ciro 'yanci da 'yantawa daga ɗa da 'ya, shi ne kuma in an gaya masa magana a bayan ido yakan aika a ce, "In ya cika ɗa ya zo ya maimaita a gabana." Mai cewa ba mu san abin ba, sai ya gaya mana daga wace makarantar boko kakanninmu suka koyo wannan.

Su kansu masu harshen, wa ya ce gwanayen magana kai tsaye ne? Maƙwabtansu na Holan da Jamus sun daɗe suna kukan cewa Baturen Ingila in ya ce shawararka tana da ban sha'awa, yana iya yiwuwa shirme yake nufi. A bakin jakadun ƙasashe kuwa, in aka fito daga taro aka ce an yi tattaunawa ta firank, abin da ake nufi shi ne an yi cacar baki an tashi baram-baram, sai dai ba a so a faɗa. Wato kalmar da aka ce ita ce tutar faɗin gaskiya, ita kanta an mai da ita mayafi. Mu da muka zauna da su shekara sittin ai ba sai an ba mu labari ba. Razdan ba ya ba Sarki umurni, "shawara" yake ba shi, amma sarkin da ya ƙi shawarar sai ya tsinci kansa a Lakwaja. Mutanen da suka mulke mu ta bayan labule, suka sa dagaci ya karɓi haraji a ji haushinsa su kuwa suna barikinsu suna shan shayi, yau su ne za a kawo mana a ce mu koyi fito-na-fito a wurinsu? Haba jama'a!

Sai batun talaucin harshe. Bahaushe yana cewa an yi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe, wato kowa ya ajiye kara ya faɗi tasa. Yana cewa an faɗa ɓaro-ɓaro, wato a fili yadda ko yaro zai gane. Yana cewa wane ya tsage gaskiya, kamar yadda ake tsage gora a ga cikinta. Yana cewa an fede biri har wutsiya in ba a rage kome ba, ko an yi gwari-gwari in an yi bayani ba kwana-kwana, ko an yi ta gaba-da-gaba, ko an cire kunya, ko an amayar da abin da ke ciki. Kowace daga cikin waɗannan da wurin zamanta, ba a musanya su barkatai. Amma inda Hausa ta yi wa wannan kalma ta aro fintinkau shi ne, ta ware wa ɓatacciyar magana nata sunayen dabam, don kada wani ya fake da gaskiya ya yi ɓarna. In ka yi magana ba lafazi ba sallama, gatsali ka yi. In ka faɗi abin da bai kamata a wurin da bai kamata ba, katoɓara ce. In yarinya ta mayar wa babba baƙar magana, tsiwa ce. In an yi don a kunyata mutum a gaban jama'a, cin fuska ne ko cin mutunci, in kuwa abin ya zama hali, fitsara ce. Duk waɗannan ɗalibin zamani ya tattara ya zuba a buhu guda ya rubuta "firank" a jiki, don ya san in ya kira kowanne da sunansa na Hausa, shi kansa zai ji kunyar ɗauka.

Dubi kuma yadda Bahaushe ke buɗe irin wannan magana. Yakan ce "gaskiyar magana", ko "ba na ɓoye maka", in abin ya yi nauyi ya ce "tsakani da Allah". Wanda ya ce tsakani da Allah ya ɗora wa kansa kaya, domin ya kira shaida a kan abin da zai faɗa, in ya yi ƙarya ko son zuciya shi ya jiyo. Wanda ya ce tu bi firank kuwa mai sauraro ya ɗora wa kayan, yana nufin ga ta nan tafe, in ta yi maka zafi kai ne ba ka waye ba.

Wanda yake son ya ga ko Bahaushe ya iya magana ba rufa-rufa, ba sai ya shiga laburare ba. Ya je kasuwar Maƙarfi ranar da take ci, ya tsaya wurin masu mazarƙwaila ya ji yadda mai saye zai ɗaga ƙwarya ɗaya ya ce wa mai ita, a gaban kowa, wannan ta ƙone, wannan an yi mata haɗi, ko ya shiga kara ya ji dillalin kirki yana gaya wa mai sayen sa aibin da ke jikin san tun ba a sallama ba. Ya tsaya ya ji yadda ake cewa "albarka" a taƙaice, ba wani jan rai. Ya bi dattijon da aka aika binciken aure ya ji irin tambayoyin da ake yi da irin amsar da ake bayarwa a kan asali da sana'a da ciwon gado. Ko ya zauna kusa da kaka da jikanta, ko taubasai biyu, ko Bakano da Bazazzagi, ya ji yadda ake narka wa juna gaskiya tsirara ana dariya, wadda in da wani ne ya faɗa da sai an kai ga alƙali. A nan maƙwabtanmu, a Giwa, wata tsohuwa da duniya ta sani da Baba ta Karo ta zauna da Baturiya Mary Smith a 1949 da 1950 ta zayyana mata rayuwarta, aurarrakinta da fitarta, da kishi, da bauta, da harin da ake kai wa ƙauyuka, ba ta rage kome ba, har aka buga littafi a 1954 wanda ake karantawa a jami'o'in duniya. Tsohuwar nan ba ta san ko baƙi ɗaya na Ingilishi ba. Shi ma Kirk-Greene, tsohon jami'in mulkin Turawa da ya koyar a Zariya, da ya zo lissafa halayen mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, gaskiya ya sa a farko, kunya tana can a baya tare da ladabi. Baƙo ya gani, ɗan gida ya ce babu.

To, kada wani ya ɗauka ina wanke kunya da sabulu ne. Kunya da kara da kawaici suna da gonarsu, kuma a cikin gonar abin so ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, baƙo yakan ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kuka, maƙwabci yakan ga akuyar maƙwabcinsa ta ci masa shanya ya kawar da kai don zaman tare. Babu wanda aka cuta a nan. Ɓarnar tana farawa ne ranar da mai riƙe da amanar jama'a ya tsallako cikin gonar nan ya kafa bukka. Kansila ya ci kuɗin rijiya, in yaro ya tambaya a ce ba shi da kunya. An karkatar da takin gwamnati, in manomi ya ɗaga murya a ce ai wane sa'an ubanka ne. Shugaban makaranta ya shekara bai shiga aji ba, in an yi magana a ce a yi masa kara yana da iyali. Wannan ba kunyar Hausa ba ce, tsoro ne da kwaɗayi suka ari rigarta, kuma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kai tun da ya ce kunyar mara kunya asara ce, ya kuma ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Saboda haka masu cewa ana toshe bakin jama'a da sunan kunya ba su yi ƙarya ba. Inda suka ɓata shi ne da suka zaci maganin yana Landan.

Maganin yana cikin tarihinmu, ga shi nan birjik. A wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiyar, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. A gaban sarki ya faɗa, sarkin da ake jin tsoronsa har Katsina da Zamfara. A 1943 Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya sadu da Lugga, wato mutumin da ya kafa tsarin En'e da hannunsa, ya zayyana masa illolin tsarin, ya kuma rubuta masa su a takarda. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kowa ya sani da sanyin hali da ladabi, ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a binciki mulkin En'e a gyara shi, alhali sarakuna suna kan ganiyarsu. A wannan wata dai aka kafa NEPU a Kano. 'Yan NEPU kuwa, wane suna ne ba a kira su da shi ba? Marasa kunya, marasa tarbiyya, masu zagin manya. An yi musu bulala, an ɗaure su, an kore su daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta nan Zariya ta shiga kurkuku fiye da sau goma, kuma da Hausa ta yi duk maganganun da suka kai ta. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, mutumin Ƙaya, ya hau gwamnan Jihar Kaduna a 1979 ya soke haraji da jangali, ya ƙi sassauta harshensa ga majalisar da 'yan NPN suka cika, suka hana shi kwamishinoni, a ƙarshe suka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya. Mutum yana iya ƙin siyasar kowane ɗaya daga cikinsu, wannan ra'ayinsa ne, amma ba ya iya cewa sun ɓoye abin da ke ransu.

In ka duba mutanen nan za ka ga abu biyu sun haɗa su, kuma da su nake so a riƙa auna duk mai iƙirarin firank. Maganarsu sama ta nufa, wurin wanda ya fi su ƙarfi, sa'an nan kuma sun san akwai abin da za ta iya ja musu, suka faɗa duk da haka. Yanzu ɗora namu a kan wannan sikeli. Wa ɗalibi yake yi wa tu bi firank? Ƙanensa, da budurwarsa, da mai wankinsa, da ɗan acaɓa, da tsohon da ya sayar da buhunan masara ya biya masa kuɗin rajista. Shigo da shi ofishin malamin da ke riƙe da makinsa, ko gaban ciyaman ranar rabon tallafin karatu, ka ga yadda firank ɗin za ta narke kamar man shanu a rana, sai "ranka ya daɗe" da "haka ne, yallaɓai" har da durƙuso. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Malamanmu ma, Allah ya ƙara musu haƙuri da mu, akwai a cikinsu mai cewa a aji kowa ya saki jiki ya faɗi ra'ayinsa, amma wanda ya kuskura ya saɓa wa littafin malam shi ya san abin da ya gani a ƙarshen zango.

A hutun da ya wuce na halarci wani taro a wani gari cikin ƙasar Kudan, inda matasa masu digiri suka kira manoman rani don a tattauna tsutsar tumatir, wadda tun ɓarnar da ta yi a 2016, har gwamnatin jiha ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, manoma ba su sake barci da ido biyu ba. Wani saurayi da ya karanta aikin gona ya miƙe ya ce, "Tu bi firank, Baba, jahilci ne ke damunku. Kuna ta fesa magani iri ɗaya har tsutsar ta saba da shi." Abin haushi, rabin maganarsa gaskiya ce, domin ƙwaro yakan saba da maganin da aka dame shi da shi, kuma sauya magani da tarkon kama malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar suna taimakawa. Amma daga jin kalmar jahilci dattawa suka fara laluben takalmansu. Wani tsoho ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaro, mun ji. Wancan maganin da kake faɗi, a wane shago ake sayar da shi, kuma nawa ne?" Saurayi ya yi shiru. Ilmin da aka kashe kuɗi aka koyo ya koma gida a aljihunsa, tsutsa kuwa tana gona. Bayan an watse wani mai muƙami a ƙaramar hukuma ya iso a makare, sai ga saurayin nan ya ruga ya karɓi jakarsa, bai tambaye shi ina malaman gona suka shiga ba, bai tambaye shi me ya sa in kaka ta yi sai manomi ya yanka tumatirinsa ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa don ba mai saye ba, alhali tun zamanin Balarabe Musa aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara, wanda ya yi shekaru masu yawa a rufe. Waɗannan tambayoyi su ne ke bukatar ɗa, su ne kuma ba a yi ba.

Ba ɗalibai kaɗai ke wannan ba, daga sama aka koyo. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari da aka yanka ba, ta sallame su, aka kuma baza wasu takardun amsoshinsu a intanet duniya ta yi ta dariya. 'Yan boko suka yi ta tafi, wai ga gwamna firank. Ni ban ce a bar wanda bai iya karatu ba ya koyar da ƙannenmu ba, duk wanda ya yi firamare a ƙauyukan Ikara ko Maƙarfi ya san akwai matsalar, kuma iyaye sun daɗe suna faɗi. Abin da nake tambaya shi ne, su waɗannan malamai daga sama suka faɗo? Wani ne ya ba su takardar shaida, wani ya ɗauke su aiki, wani ɗan siyasa ya kawo sunayensu a takarda, wani mai duba makarantu ya yi shekaru yana sa hannu cewa kome lafiya. Takardar wa aka baza a cikin waɗannan? An fede birin ne har ƙugu, da aka iso inda manya suke sai wuƙa ta dakushe.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi, wanda ya fi shafarmu mu masu nazarin harshe. Yawancin gaskiyar da 'yan bokonmu ke alfahari da faɗi, da Ingilishi suke faɗinta, a otal, a gaban waɗanda suka riga suka yarda da su. Ko Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu, da ya tsaya a taron zuba jari na Kaduna a watan Afrilu na 2017 ya yi maganganu masu zafi a kan talauci da jahilci da auren wuri a Arewa, kuma babu mai musun cewa bakinsa ya ja masa, tun da an tuɓe shi a watan Maris na 2020, to da Ingilishi ya yi wannan jawabi, mutanen da abin ya shafa a fassara suka ji, gutsure-gutsure, a bakin masoya da maƙiya. In wannan ya faru ga mai rawani, ina ga ɗalibi? Ingilishi ya zama mana katanga, muna leƙowa ta samanta mu yi jifa mu sunkuya. Kalmar da ba za ka iya duban idon kawunka ka faɗa masa da Hausa ba, sai ka nannaɗe ta da Ingilishi ka wurga, in ya gane ka ce ba haka kake nufi ba, in bai gane ba abokanka su yi dariya. Wanda ya yi haka ya fi mai habaici ɓuya, domin mai habaici aƙalla da harshen da abokin faɗansa ke ji yake yi.

Habaicin ma da ake rainawa, a yi masa adalci. Habaici da gugar zana da shaguɓe makamin wanda ba shi da kariya ne. Matar da ba ta da ikon ce wa maigida ka yi kuskure, takan gaya wa kazar tsakar gida, kuma maigida yana ji yana ganewa. Yara a tashe sukan kwaikwayi mai rowa da malamin ƙarya a ƙofar gidansu, samari a kalankuwa sukan naɗa nasu sarki da alƙali da ɗan doka su nuna yadda ake yi, manya suna kallo suna ganin kansu. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, da rawaninsa da dogarawansa, da ya ga ƙasa ta koma hannun Nasara, cikin waƙa ya riƙa sakaya abin da ke ransa, duk da haka bai tsira ba, a wajen 1920 suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Mai kiran wannan munafunci bai taɓa zama a ƙarƙashin wanda zai iya raba shi da gonarsa ko aurensa da kalma ɗaya ba. Kuma haɗarin bai wuce ba. A watan Nuwamba na 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a kan jimla ɗaya ta Hausa da ya rubuta a Twitter game da matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da ɗalibai suka tashi tsaye kafin a janye ƙarar. Ko mutum ya ce jimlar gugar zana ce ko ya ce gatsali ce, abin lura shi ne da Hausa aka yi ta, sama ta nufa, kuma nan da nan aka ji zafinta, alhali dubban "tu bi firank" da ake zubarwa kullum a kan talakawa ba su taɓa hana kowa barci ba.

Saboda haka ni ba na neman a hana kowa aron kalma. Hausa ta ari alƙalami da littafi daga Larabci, ta ari mota da tebur daga Ingilishi, ba abin da ya rage ta. Aro yana da amfani in babu abin a gida. Amma wannan kalma ba don cike giɓi aka aro ta ba, don a tsere wa hukuncin da kalmomin gida za su yanke wa mai magana ne. Ina roƙon 'yan'uwa masu shirin aikin fassara a rediyo da jarida, in sun ci karo da ita su dubi wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, sa'an nan su zaɓa tsakanin ƙeƙe-da-ƙeƙe da tsage gaskiya da gatsali, in ta jakadu ce su ce an yi musayar yawu. Ina kuma roƙon shugabannin wannan ƙungiya tamu, da na ƙungiyoyin ɗaliban Ikara da Maƙarfi da Kudan, a hutu mai zuwa a gayyato ciyamomin ƙananan hukumomin uku da kansilolinsu su zauna a filin makarantar firamare, a gaban manoman rake da na tumatir da iyayen yara, a karanta musu kuɗin da ya shigo asusunsu daga Abuja wata-wata, wanda ake bugawa kowa yana iya gani, a tambaye su inda kowace naira ta shiga. A yi sallama, a gaishe su da sarautarsu, a ba su kujera mai kyau da ruwan sanyi, kuma a sa sharaɗi tun a takardar gayyata cewa daga buɗe taro har rufewa da Hausa za a yi.